Saura wata uku JAMB: in biya kuɗin lesin ko in zauna da tsofaffin tambayoyi?

Ɗan_Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, don Allah wanda ya sani ya taimaka. Bara na zana JAMB na samu 187, harhaɗa magunguna na cike, ko sunana bai fito ba. Bana zan sake in Allah ya yarda. Matsalar ita ce ina tsaron shagon yayana a kasuwa tun ƙarfe tara na safe har bayan la'asar, sai dare nake samun kaina. Akwai wani lesin a unguwarmu, dubu talatin na wata uku, daga bayan magariba zuwa ƙarfe tara da rabi. Wani abokina kuma ya ce asarar kuɗi ce, in sayi littafin tsofaffin tambayoyi in haddace, wai maimaitawa suke yi. Abin da na tara ba zai ishi lesin da littattafai da kuɗin fom gaba ɗaya ba. Wanne zan ɗauka?

Malam_Fiziks:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin kowa ya ba ka shawara, kawo mana yadda 187 ɗin ta rabu. Nawa ka ci a kowane darasi?

Ɗan_Gwammaja:
Turanci 52, Bayoloji 55, Kemistiri 44, Fiziks 36, Malam.

Sadauki_Hotoro:
Ni dai gaskiyar abokinka nake gani. Ban taɓa taka ƙofar wani lesin ba, tsofaffin tambayoyi na shekara goma sha biyar na bi sau uku, na fito da 241. A ranar jarrabawa akwai tambayoyin da ina ganinsu na gane su, ko karanta su ban ƙarasa ba na danna amsa. Ka riƙe kuɗinka.

Malam_Fiziks:
Sadauki, waɗanne darussa ka zana?

Sadauki_Hotoro:
Gwamnati, Addinin Musulunci da Hausa, sai Turanci.

Malam_Fiziks:
To ka gani. Hanyarka ta yi maka aiki, kuma Allah ya ƙara buɗi, amma ba irin ciwonku ɗaya da shi ba. Tambayar da ta ce a wace shekara aka haɗe Kudu da Arewa, amsarta 1914 ce yau, 1914 ce gobe. Wanda ya haddace ya ci. Amma a Fiziks, in an ce an saki dutse daga sama ya yi daƙiƙa uku kafin ya faɗo, a nemo nisan da ya yi, ka haddace cewa amsa mita 45 ce, ranar jarrabawa sai a mayar da daƙiƙar huɗu. Amsa ta koma 80. Kuma kada ka yi mamakin ganin 45 ɗin nan zaune cikin zaɓin, tana jiran mai hadda. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da wannan darasi, abin da ke maimaituwa shi ne salon tambayar, ba lambobin ba.

Ɗan_Gwammaja, dubi makinka da kyau. Tambaya 40 ake yi a Fiziks, maki 100, wato kowace ɗaya ta kai biyu da rabi. 36 na nufin kusan tambaya goma sha huɗu ka ci. Wanda ya rufe ido ya yi canki-canka tsakanin zaɓi huɗu zai iya tashi da goma. Ba ina faɗa don in karya maka gwiwa ba ne, ina so ka ga inda ramin yake. Kai ba bita kake buƙata a Fiziks ba, koyarwa kake buƙata daga tushe. Bayoloji da Turanci kuwa za ka iya ɗaga su da kanka.

Maman_Ihsan:
Malam ya faɗi gaskiya, amma a bi lesin ɗin nan a hankali. Na biya wa 'yata wani, ashe yara sun haura ɗari a aji ɗaya, na baya ko allo ba sa hangowa. Malamin Kemistiri sau biyar ya zo a wata biyu. Ka je ka zauna musu kwana biyu kafin ka ba da ko sisi, in sun hana ka, ka san akwai abin da suke ɓoyewa. Kuma ka tambayi waɗanda suka yi a wurin bara, kada ka tsaya ga makin da suka manna a bango.

Abba_Kwari:
Lesin bayan magariba ga wanda ya wuni a kasuwa? Ɗan'uwa na yi irin wannan rayuwar, a kan benci za ka riƙa gyangyaɗi. Ni bayan asuba na mayar da karatuna, daga an idar da salla zuwa bakwai da rabi. Awa biyun nan ta fi mini awa huɗu na dare.

Bazazzagiya:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkata. Duk ana maganar karatu, ba wanda ya taɓo lokaci. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, Turanci 60, sauran ukun arba'in-arba'in. In ka raba, daƙiƙa 40 ke gare ka a kowace tambaya. Ni a zamana na farko da Lissafi na fara, na tsaya kokawa da wata tambaya guda kusan minti shida saboda na san na iya ta. Ina ɗagowa na ga saura minti ashirin da biyar ban buɗe Turanci ba. Na yi kuka a wurin. A karo na biyu na fara da darasin da ya fi mini sauƙi, duk tambayar da ta yi mini gardama in wuce ta in dawo daga baya. Ilimina bai ƙaru sosai ba tsakanin shekarun biyu, amma makina ya ƙaru da 38.

Ɗan_Gwammaja:
Anti wallahi abin da ya same ni ke nan. Fiziks na bari ƙarshe, tambayoyi wajen goma sha biyu ban ma gan su ba lokaci ya cika.

Injiniya_Gusau:
Ka bar su ba amsa? Kai, wannan asara ce. Ba a rage wa mutum maki don ya ba da amsar da ba daidai ba. In ka ga saura minti uku, bi duk waɗanda suka rage ka danna wani abu.

Malam_Fiziks:
To wannan ya ɗan sauya lissafina. In goma sha biyu ba ka gan su ba, ke nan goma sha huɗu ka ci cikin ashirin da takwas. Rabi ke nan. Tushen naka bai kai lalacewar da na zata ba. Har yanzu ina kan bakana cewa kana buƙatar mai koya maka, amma ba lallai sai duk darussa huɗu ba.

Hauwa_'yar_Ƙaraye:
Ni tambayata daban ce, don Allah kada a yi mini dariya. Bana ne karona na farko, kuma ban taɓa zama gaban kwamfuta ba. A makarantarmu a allo aka zana mana ita. Tsoron da nake ji ya fi na karatun.

Bazazzagiya:
Ba abin dariya a nan ƙanwata, da yawa haka suka fara. Kwantar da hankalinki, ba sai kin iya riƙe linzamin kwamfuta ba ma. An tsara abin yadda haruffa takwas za su ishe ki. A, B, C, D na zaɓen amsa. N ta kai ki tambaya ta gaba, P ta maido ki ta baya. S ta miƙa aiki ce idan kin gama, R kuma ta maido ki cikin jarrabawa in kin taɓa S bisa kuskure kafin ki tabbatar. Wannan S ɗin ki nisance ta har sai kin gama komai. Lokacin cike fom kuma ki ce kina son jarrabawar gwaji, wadda ake yi kafin ta gasken. Ba dole ba ce, akwai ɗan ƙarin kuɗi, makinta kuma ba ya shiga lissafi, amma ga irinki ta fi komai amfani. Za ki ga yadda ake tantance yatsa, yadda agogo ke tafiya a allon, da inda kalkuleta take, don a cikin kwamfutar take, ba a shiga da ta hannu.

Ustaz_Rijiyar_Lemo:
Ƙari a kan haka, ki samu shagon kwamfuta mafi kusa ki biya kuɗin awa ɗaya sau uku ko huɗu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu da muka zana da fensir da takarda kafin 2015 ba mu san wannan fargabar ba, amma ƙannenmu na ƙauye suna shan wahalarta ƙwarai.

Maman_Ihsan:
Hauwa, tunda ke mace ce bari in gaya miki abin da ba kowa zai tuna ba: lalle. Kada ki kuskura ki sa a yatsunki daga yanzu har ki gama jarrabawa, ko bikin wa ake yi. Hukumar JAMB da kanta ta yi gargaɗi a kan haka, saboda na'urar ɗaukar zanen yatsa ba ta karanta yatsan da ya sha lalle da kyau. Ranar rajista duk yatsu goma ake ɗauka, ranar jarrabawa kuma da su za a tantance ki kafin ki shiga. Na ga yarinyar da ta zauna tana goge yatsa da omo da lemon tsami har fatar ta saɓule, abin ya ƙara lalacewa. In salla ta zo, a yi miki a bayan hannu da ƙafa, a bar kan yatsu.

Hauwa_'yar_Ƙaraye:
Innalillahi. Sati mai zuwa ake bikin yayata, har an yi mana layi wurin mai lalle. Allah ya saka da alheri Mama.

Sakkwatawa_Ina_Kuke:
Ni ko abin da za ni ƙarawa shi ne zancen layin waya. Ɗiyata da layin wani mai shago aka buɗe mata rajista, da sakamako ya fito muka neme shi muka rasa, ya bar garin. Mun sha wuya ƙwarai. Kowa ya yi da layin da ke hannunai, kuma ya adana shi har ya shiga jami'a. Ana tura kalmar NIN, a bar tazara, a sa lambobin nan goma sha ɗaya zuwa 55019 ko 66019, lambar da ake buɗe rajista da ita ta zo ta wannan layin. Sakamako ma ta nan ake dubawa. Kuma ku duba sunanku da ranar haihuwa da ke kan NIN tun yanzu, in sun saɓa da na takardar WAEC ko NECO a gyara kafin rajista, don abin da ke kan NIN shi za ya hau fom.

Kwamared_Bichi:
Duk wannan dogon bayani ne. Magana ta gaskiya, jarrabawar nan sa'a ce kawai. A 2025 mutum kusan miliyan biyu suka zana, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba. Duk ba su yi karatu ba ne? Sannan shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye ya amsa cewa an samu tangarɗar na'ura. To me ya rage?

Injiniya_Gusau:
Kwamared, ka faɗi rabi ka bar rabi. Tangarɗar ta shafi cibiyoyi 157 ne a Legas da jihohi biyar na Kudu maso Gabas, ɗalibai 379,997, kuma an sake musu jarrabawar. Ba ta shafi Kano ko Zamfara ba. In muka gaya wa yaran nan sa'a ce kawai, mun ba su dalilin ajiye littafi. Yaron da ya buɗe zancen nan ya gaya mana da bakinsa tambaya goma sha biyu bai gani ba. Wannan ba rashin sa'a ba ne, abu ne da ake gyarawa cikin sati uku da agogo a gabansa.

Kwamared_Bichi:
Na yarda ban ambaci jihohin ba. Amma batun miliyan ɗaya da rabi fa? Shi ma agogo ne?

Malama_Talatu:
A'a, wannan mu ne, makarantunmu ne. Ina koyarwa a sakandaren gwamnati shekara goma sha tara. Akwai shekarar da ɗalibanmu na kimiyya suka yi zango biyu cur ba malamin Fiziks, sai da aka turo mana ɗan bautar ƙasa. Yaro ya gama aji shida bai taɓa ganin an haɗa asid da alkali launi ya sauya a gabansa ba. Ya zo WAEC a taimaka masa ya kwashi kiredit takwas, iyaye su yi murna. Sai ya zauna gaban kwamfuta shi kaɗai, tambayoyinsa daban da na maƙwabcinsa, kyamara na kallonsa. A nan asiri ke tonuwa. Abin yana ci mini rai, don yaran ba daƙiƙai ba ne, wallahi akwai masu kaifin ƙwaƙwalwa sosai a cikinsu. Ba a koya musu ba ne.

Ɗan_Birni_07:
Akwai wanda ke tura mini saƙo a WhatsApp, ya ce yana aiki a ciki, zai iya ɗaga maki daga 170 zuwa 260 bayan sakamako ya fito. Har hotunan waɗanda ya yi wa ya turo. Akwai wanda ya taɓa gwadawa?

Ustaz_Rijiyar_Lemo:
Toshe shi yanzun nan. Ɗamfara ce, kuma ko da gaskiya ce haramun ce. Abin da suke yi shi ne su gyara hoton takardar sakamako su turo maka, makin da ke rumbun hukumar yana nan yadda yake, kuma shi jami'a ke gani. Ka kai takardar bogi wurin tantancewa, kai za a kama, shi yana can ya sauya layi.

Abba_Kwari:
Wani maƙwabcinmu dubu arba'in ya tura. Daga ranar lambar ba ta sake shiga ba.

Lauya_Mai_Jiran_Gado:
Mu koma kan mai tambaya. Ɗan'uwa, akwai abin da ya kamata ka sani tun kafin ka kashe kuɗin. Makin da ake sanarwa bayan taron hukumar da shugabannin makarantu, kamar 150 da aka sa wa jami'o'i a 2025, ƙasan ƙasa ne, ma'anarsa kada wata jami'a ta ɗauki wanda bai kai haka ba. Ba ya nufin mai 150 zai samu gurbi. Kwasa-kwasan lafiya, likitanci da harhaɗa magunguna da jinya, masu nema sun ninninka guraben da ake da su. Ko 200 ka haura da kaɗan ba ka shiga sahu ba. Saboda haka burinka kada ya zama ƙarin maki ashirin, ka sa ido a kan 250 zuwa sama.

Sannan jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari cancanta zalla, 35 na jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 na jihohin da aka ayyana suna baya a ilimin boko, mafi yawan jihohin Arewa na ciki. Don haka zaɓen jami'ar da jiharka ke cikin yankinta yana da tasiri. Kada kuma ka manta da Post-UTME, tantancewar da jami'a ke yi da kanta bayan JAMB, wasu jami'o'in makin JAMB rabi ne kawai na abin da suke tarawa. Ni da 236 na rasa shari'a a shekarar farko don na saki jiki bayan JAMB ban sake buɗe littafi ba.

Bazazzagiya:
Kuma ya tabbata an ɗora sakamakonsa na sakandare a CAPS, shafin JAMB da ake ba da gurbin karatu ta cikinsa. Tun 2017 duk wani gurbi ta nan yake bi. Akwai masu maki mai kyau da suke zaune a gida saboda wurin sakamakon nasu na nuna ana jira, ba su koma an ɗora ba. Ɗan_Gwammaja, kiredit ɗinka sun cika? Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji?

Ɗan_Gwammaja:
Sun cika Anti, a zama ɗaya, NECO. Kuma an ɗora tun bara, na duba da idona.

Ɗan_Funtuwa:
Ni fa ina ganin mutane sun mayar da JAMB kamar ita kaɗai ce ƙofa. Sau biyu na zana ban haura 190 ba, na tafi na yi IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita. Kusan shekara guda ana koya maka darussa uku a aji, da malamai da ɗakin gwaje-gwaje, ka fito ka sayi fom ɗin shiga kai tsaye ka fara daga aji biyu. Yanzu ina aji huɗu a Kemistiri. Ga wanda tushensa ke da rauni, wannan shekarar gyara ce babba.

Lauya_Mai_Jiran_Gado:
Hanya ce mai kyau, amma a gaya masa duka. Kuɗinta ya ninka dubu talatin ɗin da yake magana sau da yawa, karatun kuma na wuni ne, shagon yayansa fa? Sannan guraben shiga kai tsaye a kwasa-kwasan lafiya sun fi na JAMB ƙaranci.

Ɗan_Funtuwa:
Haka ne. Na kawo ne don ya san akwai ta, in bana ba ta yi ba, Allah ya kiyaye.

Malama_Talatu:
Ba wanda ya yi zancen Turancinsa, alhali shi ne darasin da ya fi saurin ɗaguwa. 52 za ta iya komawa 65 ba tare da lesin ba. Na farko, littafin labarin da hukumar ke sawa a karanta. Maki ne a ajiye, amma yara sai su nemi taƙaitawa a waya su bar littafin. Ka karanta shi da kanka sau biyu, ka rubuta sunayen mutanen ciki da abin da ya haɗa su. Kuma ka tabbata na shekararka ne, don ana sauyawa: an yi shekaru ana The Life Changer, a 2025 aka koma The Lekki Headmaster. Na ga ɗalibin da ya haddace tsohon da ya gada wurin yayarsa.

Na biyu, ɓangaren furuci, inda mu Hausawa muka fi zubar da maki. Harshenmu bai raba p da f ba, shi ya sa pan da fan suke zo mana ɗaya. Sautin farkon think ba mu da shi, sai mu ce sink. Ga kuma haruffan da ake rubutawa ba a furtawa, kamar b a ƙarshen comb, ko k a farkon knife. Sai tambayoyin gaɓar da ake dannawa a kalma. A nan kam tsofaffin tambayoyi suna da amfani ƙwarai, don kalmomin da ake kawowa ba su da yawa, suna zagayowa. Ka sa ƙamus mai sauti a wayarka, duk kalmar da ka gani ka saurare ta, kada ka dogara da yadda ka saba faɗinta.

Sadauki_Hotoro:
To kun ga, Malama ma ta dawo kan maganata. Tsofaffin tambayoyi.

Malam_Fiziks:
Ba wanda ya ce a jefar da su, Sadauki. Yadda ake amfani da su ne muka saɓa. Ni abin da nake sa ɗalibaina: su ɗauko manhajar da hukumar ta fitar, kyauta take a shafinta, kowane darasi an jera batutuwansa da abin da ake so ɗalibi ya iya. Ka ɗauki batu guda, misali wutar lantarki, ka koye shi, sannan ka bi tsofaffin tambayoyi ka tsinto duk na wannan batun ka amsa ba tare da leƙa baya ba. Wanda ka faɗi, ka rubuta shi a wani littafi daban tare da dalilin faɗuwar. Wannan littafin kurakuran shi za ka riƙa bita a satin ƙarshe. Wani abu kuma, littattafan nan na kasuwa akwai amsoshin da ba daidai ba a cikinsu, na sha cin karo da su. Mai hadda da kuskuren zai haddace.

A Kemistiri ma haka. In ka riƙe lissafin mol da kyau, ka san mol ɗaya na iskar gas yana cin lita 22.4 a daidaitaccen zafi da matsin iska (STP), ka iya daidaita ikweshan, ka san jerin iyalan sinadaran kabon da sunayensu, ka kwashe kaso mai tsoka na tambayoyin.

Abba_Kwari:
Wani abin da za a sa a lissafi, azumi zai ratsa cikin wata ukun nan. Lesin bayan magariba a watan azumi, ga buɗa-baki ga tarawihi, ga kasuwa ta buɗe ta kayan salla. Ka tambaye su yadda za su yi da lokacin kafin ka biya. Ni a shekarata bayan sahur nake zama, in yi asuba in ci gaba har rana ta fito.

Maman_Ihsan:
Kuma ka yi wa yayanka magana. Wani lokacin ku yara kuna jin nauyin abin da in kun faɗa ba komai ba ne. Ka same shi cikin ladabi ka ce wata uku kake roƙo ya riƙa sakinka da azahar. Shi ma zai so a ce ƙaninsa ya zama abin alfahari.

Ɗan_Gwammaja:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Jiya da daddare na samu Yaya kamar yadda Mama ta ce. Bai yarda da azahar ba saboda lokacin ne ciniki, amma ya ce in riƙa fitowa sha ɗaya maimakon tara, kuma shi zai biya kuɗin fom. Na je lesin ɗin ma na zauna, mun kai mu sittin. Malamin Fiziks ɗin ya iya, na fahimci abin da ya koyar a kan madubi da tabarau fiye da duk abin da na sani a baya. Na Kemistiri kuwa karanto littafi kawai yake yi. Na tambaya ko zan biya na darasi ɗaya, suka ce sai dai duka. Yanzu tunanin da nake yi, ko in samu malamin shi kaɗai mu yi magana.

Kwamared_Bichi:
Zai caje ka fiye da dubu talatin ɗin in kai kaɗai ne.

Injiniya_Gusau:
Ba sai shi kaɗai ba. Ku haɗu ku huɗu ko biyar masu matsala iri ɗaya, Asabar da Lahadi da safe, ku raba kuɗin. Haka muka yi a zamaninmu da wani ɗalibin jami'a ɗan aji uku, a zauren gidansu, allonmu ƙyauren ƙofa ne. Amma ku zaɓi waɗanda da gaske suke, mutum ɗaya mai surutu ya isa ya ɓata zaman.

Sadauki_Hotoro:
Ni dai har yanzu da ni ne, littafi zan saya in ajiye canjin don Post-UTME da kuɗin mota. Ba a san garin da za a jefa mutum ba.

Bazazzagiya:
Garin jarrabawa kai kake zaɓa lokacin rajista, cibiyar ce ba kai ke zaɓa ba. Shi ya sa ake son yin rajista da wuri kafin gurbin garinku ya cika. In an fitar da takardar da ke nuna rana da wuri, ka je ka ga cibiyar da ƙafarka kwana ɗaya kafin ranar, musamman in zaman safe aka ba ka.

Hauwa_'yar_Ƙaraye:
Na je shagon kwamfuta yau kamar yadda Ustaz ya ce. Hannuna sai rawa yake da farko, amma na amsa tambaya talatin. Na fasa lallen kuma, Inna ta goyi bayana. Malam_Fiziks, littafin kurakuran nan, kowane darasi da nasa ne ko duka a guda?

Malam_Fiziks:
Guda ya isa, ki raba shi gida huɗu. Ɗan_Gwammaja, kafin ka je wurin malamin nan, yi mini abu ɗaya gobe da safe tunda yanzu kana da lokaci har sha ɗaya. Ɗauki Fiziks na shekara guda, tambaya arba'in, sa agogo minti talatin, kada ka leƙa amsa. Ka kawo mana nan nawa ka ci, da batutuwan da ka faɗi. Da wannan za ka san abin da za ka ce ya koya muku, in ba haka ba daga babin farko zai faro, wata ukun ya ƙare ba ku kai lantarki ba.

Ɗan_Gwammaja:
To Malam, in sha Allah. Littafin abokin nawa zan aro yau da daddare. Akwai ɗan Gwammaja ko Kofar Ruwa a nan da ke son shiga rukunin Asabar da Lahadin? Mu biyu ne yanzu.